Idan gasket ɗin mota ya ƙone: yadda ake tabbatarwa da yadda ake gyarawa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, duk wanda ya bi hanyar Daura ko ta Kano da tsakar rana ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, bonet a ɗage, direba riƙe da jarka yana jiran inji ya huce. Da yawa daga cikinsu idan sun lallaɓa zuwa gareji, kalma ɗaya za su ji: "Alhaji, gasket ne." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa ko fulogi ɗaya ba a kwance ba aka yanke hukuncin, kuma buɗe tof ba ƙaramin aiki ba ne da za a shige shi da zato.

Gasket wani faifai ne siriri da aka matse tsakanin bulok, inda fistin ke hawa da sauka, da tof, wato kan inji inda bawul da fulogi suke. Abubuwa uku ne ke ratsa wannan mahaɗa kuma ba a so su gamu: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Ƙarfin da ke bugun gasket duk lokacin da fetur ya kama wuta ya ninka iskar tayarka fiye da sau 20, amma an yi shi ne don ya jure hakan shekara da shekaru. Abin da ba ya jurewa shi ne tof ya lanƙwashe a kansa. Yawancin motocin da muke hawa tof ɗinsu na alminiyom ne, shi kuma alminiyom idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Inji ya tafasa sau ɗaya mai tsanani, tof ya ɗan gantsare, matsin ya ragu a wani gefe, sai wuta ta sami hanya ta ci wurin. Saboda haka ƙonewar gasket kusan kullum sakamako ne. Akwai abin da ya fara lalacewa kafin shi, kuma wanda ya canza gasket bai nemo wannan abin ba zai sake dawowa gareji.

Idan abin ya same ka a hanya

Da ka ga allurar zafi ta doshi ja, kashe na'urar sanyi, ka sami wuri ka tsaya, ka kashe inji. "Bari in ƙarasa Mashi" ita ce maganar da ke mayar da aikin tiyo ɗaya ya koma aikin tof. Kada ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma ko a lokacin da tsumma mai kauri, a hankali, fuska a kauce. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, domin yana iya tsaga tof nan take. Ka kuma san cewa idan allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ba ka yi komai ba, ba lallai sauƙi aka samu ba: idan ruwa ya ƙare ƙaf, abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa, sai ya daina faɗin gaskiya.

Alamomin, da waɗanda ke yaudara

Fara da safe, inji a sanyaye. Buɗe murfin lagireto, ko na robar ruwa idan motar irin su Golf ce da ba ta da murfi a jikin lagireto, ka cika ruwa, ka tada mota, ka zuba ido. Ruwa ya ɗan motsa ba komai ba ne. Amma idan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba yankewa, yana ƙaruwa idan an taka totur, ko ruwan ya yi tsalle waje alhali inji bai ko ɗumama ba, to iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa. Mayar da murfin ka matsa babban tiyon sama da hannu. Cikin minti ɗaya ko biyu na farko ya kamata ya kasance da laushi. Idan har ya ɗaure tamau tun inji na sanyi, wannan ma shaida ce mai ƙarfi.

Sai salansa. Farin hayaƙi mai kauri, mai ɗan ƙamshin zaƙi idan akwai ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, a motar, wanda ba ya ɗaukewa ko bayan an yi tafiya, ruwa ne ke ƙonewa. Farin tururin da ke fita da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu ya ɓace bayan minti biyar, wannan hunturu ne kawai. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne, ringi ko robar bawul. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Babu ɗaya cikin waɗannan ukun na ƙarshe da ke nufin gasket.

Zaro sandar auna baƙin mai. Idan ya koma launin shayi mai madara, ko ya haura layin sama alhali ba ka ƙara ba, ruwa ya shiga. A nan ne mutane da yawa ke gaggawa. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai, sanda kuwa tsaf, yawanci raɓa ce ta motar da ba ta tafiya mai nisa, daga gida zuwa ofis a dawo. Haka kuma yawancin injinan Volkswagen, Golf da Sharon, suna da ɗan akwatin sanyaya mai a saman filtar baƙin mai, wanda ruwa ke ratsawa. Idan ya huje ta ciki, mai da ruwa za su cakuɗe sak yadda gasket ke yi, alhali tof lafiyarsa lau. Mota mai giyar otomatik ita ma man giyarta na bi ta cikin lagireto, in ya fashe za ka ga ruwa ya yi kauri ya yi ja-ja. Kafin a taɓa notin tof ko ɗaya, a tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba ne.

Akwai kuma wanda ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Mota dai tana shan ruwa, kullum sai an ƙara, ƙasa kuma ba ɗigo. Da safe ta tashi tana karkarwa na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Ruwa ne ke tsiyaya cikin silinda da dare. Kwance fulogai ka jera su bi da bi: wanda ya fita fes kamar an wanke shi, sauran kuwa da ɗan toka-toka, silindarsa ce ke shan ruwa. Idan wata safiya ka murza makulli inji ya yi "ƙum" ya tsaya, kada ka sake murzawa. Ruwa ba ya matsuwa, fistin zai buge shi ya lanƙwasa sandarsa. A cire fulogai duka, sannan a juya inji ruwan ya fito.

Gwajin da ke raba gardama

Alama zato ce, awo ne tabbaci. Na farko shi ne ma'aunin matsin silinda, wanda kowane bakanike mai ji da kansa ya kamata ya mallaka. A ɗumama inji in zai yiwu, a cire fulogai duka, a zare fiyus ɗin famfon fetur da wayar kwayil, a ɗaura ma'aunin a ramin fulogi, a taka totur har ƙasa, a murza makulli inji ya juya sau biyar ko shida. A rubuta lambar kowace silinda a takarda. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da matsin bar 10 zuwa 14 a ma'aunin, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Toyota a yawancin injinanta ba ta yarda bambancin ya wuce bar 1 ba. Idan silinda biyu maƙwabta, misali ta 2 da ta 3, suka faɗi tare, kusan tabbas siririn gasket ɗin da ke tsakaninsu ne ya ƙone. Idan ɗaya ce ta faɗi, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket.

Matsalar wannan gwaji ita ce ƙaramar ɓaraka tana iya tsallake shi. Shi ya sa na fi son na biyu, wato hura iska cikin silinda. Ba sai da na'ura mai tsada ba: ana fasa farin tangaran na tsohon fulogi, mai walda ya liƙa bakin bawul ɗin taya a jikinsa, a ari iskar mai faci. A kawo fistin ɗin silindar sama daidai lokacin da bawul ɗinta duka ke rufe, a sa giya a ja birkin hannu in motar mai giyar hannu ce, kowa ya janye hannunsa daga bel domin iskar na iya juya inji. Sai a saki iska a saurara. Kumfa a bakin lagireto, gasket ne ko tsagewar tof. Iska na fita ta ramin fulogin maƙwabciya, gasket ne. Ta salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga. Ta bakin zuba mai, ringi. Cikin rabin awa ka san inda ciwon yake.

Akwai kuma wata kwalba mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto inji na aiki. Idan hayaƙin silinda na cikin ruwan, shuɗin zai koma rawaya. In an same ta, tana da kyau ƙwarai.

Maganin kwalba da ake zubawa a lagireto wai ya toshe ɓaraka, ban ba ka shawararsa ba. Abin da ya iya toshe ramin gasket zai iya toshe siraran hanyoyin lagireto, ga shi zafi ne ya kawo ka nan tun farko.

Kafin a kwance

Tanadi cikakken saitin gasket na sama, ba faifan kaɗai ba, domin robar murfin tof, ta bawul da gasket ɗin manifol, wato bututun shigar iska da na fitar hayaƙi, duk za a taɓa su. Je da lambar inji, ba sunan mota kawai ba, ko a nan cikin gari za ka saya ko za ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Idan asalin gasket ɗin motar na ƙarfe ne mai falle-falle, irinsa za a mayar, kada a sauya shi da mai laushi don ya fi araha. Injin dizal kuma kaurin gasket ɗinsa hawa-hawa ne, ana gane shi da yawan ƙananan huda ko tsaga a gefensa, a Volkswagen ɗaya, biyu ko uku. Duba tsohon ka sayi daidai shi.

Sai baƙin mai da filta, ruwan kulan, tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, da sabon murfin lagireto. Kayan aiki kuwa, ban da sifanu na yau da kullum, uku ne ba makawa: sifanar awo mai nuna ƙarfin ɗauri, miƙaƙƙen ƙarfen gwada fuska, da fila-geji, wato siraran ƙarafan auna tazara. Idan ka tambayi bakanike sifanar awo ya ce "Oga, hannuna ya saba," gara ka nemo masa aro ko ka nemi wani.

Wuri ma abin dubawa ne. Yawancin garejinmu fili ne, ƙarƙashin inuwar bedi, ƙasa rairayi. Inji a buɗe da iskar hunturu ba sa haɗuwa. A shimfiɗa tabarma ko kwali, a ajiye leda babba ta rufe bulok duk lokacin da aka ɗaga hannu.

Kwancewa

Inji ya kwana ya huce sarai, domin kwance tof da zafi kaɗai na iya lanƙwasa shi. Cire wayar batir ta baƙi, a tsiyaye ruwa da mai. Ruwan kulan guba ne kuma yana da zaƙi, awaki da kyanwa na lasarsa su mutu, a tare shi a bokiti a rufe. Ɗauki hoto da waya ta kowane gefe kafin a zare wayoyi da ƙananan tiyo, za ka gode wa kanka gobe.

A cire akwatin iska, kwayil da fulogai, bututun fetur, manifol na shiga da na hayaƙi, da murfin tof. Notinan hayaƙi sukan ci tsatsa, a jiƙa su tun dare.

Tayimin, wato daidaiton juyi tsakanin kiranshaf da fistin ke juyawa da kamshaf mai buɗe bawul, shi ne wurin nutsuwa. Juya inji da hannu ta notin kiranshaf har fistin na 1 ya zo sama, alamar fule ta hau sifili, alamomin kamshaf suka zauna inda aka zana musu. Ƙara taka alamar da fenti a kan bel ko sarƙa da haƙoran da suke kai. Golf 3 mai silinda huɗu bel gare ta, Corolla mai injin 1ZZ, Camry mai 2AZ da Honda EOD mai silinda huɗu kuwa sarƙa ce. Daga lokacin da aka sauke bel ko sarƙa, kada a juya kiranshaf ko kamshaf barkatai, domin a injina da yawa fistin zai daki bawul. Inda sai an ɗaga kamshaf kafin a kai ga notin tof, a jera murafunsa yadda aka cire su, kowanne da lambarsa da inda kibiyarsa ke kallo.

Injin silinda huɗu yawanci noti 10 ne ke riƙe tof. Ana sassauta su daga gefuna zuwa tsakiya, ana tsallakawa hagu da dama, kwata-kwatan juyi a zagayen farko, sannan a sake zagayawa sau biyu. A soka su a jikin kwali bisa jerinsu. Idan tof ya ƙi tashi, duba ko an manta wani ƙaramin noti ta wajen murfin tayimin, sannan a bubbuga da gudumar roba. Ba a cusa sukundireba tsakanin tof da bulok.

Masu tsohuwar Peugeot 504 da 505 na fetur, ku kula: hannun silindarsu zarowa yake, zaune kawai yake cikin bulok. Ba a ɗaga tof ɗinsu tsaye, ana ɗan gurgusa shi gefe ya saki tukuna, kuma da an sauke shi a danne hannayen silindar da noti da wasa kafin wani ya juya inji. In suka motsa, hatimin ƙasansu ya tashi, ruwa zai gangara cikin mai ko da sabon gasket.

Kada a jefar da tsohon gasket. Ɗaga shi ka duba zoben da ke kewaye da kowace silinda. Inda wuta ta bi za ka ga baƙin layi ko gurbin da ya cinye, tsakanin silinda biyu ko daga silinda zuwa ramin ruwa. Idan ka juya shi gaba da baya ba ka ga tabo ba, hankalinka ya koma kan tsagewar tof ko bulok.

Awon fuska, inda aikin yake

A nan ne gyara ke yin kyau ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A kankare ragowar gasket daga tof da bulok da abin kankara na roba, ko reza a kwance a hankali, a goge da fetur ko tina. Buroshin ƙarfe na inji da sanfefa mai kaushi suna cin alminiyom su bar kwari da ido ba ya gani, garinsu kuma ya gangara hanyar mai ya je ya ci metal, wato faifan da kiranshaf ke juyi a kai. A toshe ramukan mai da silinda da tsumma mai tsabta kafin a fara.

Kifa tof, ɗora miƙaƙƙen ƙarfen a kan fuskarsa ta tsawo, gefe biyu da tsakiya, sannan ta faɗi, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa. A kowane zama gwada cusa fila-geji a ƙarƙashinsa, musamman tsakanin silinda ta 2 da ta 3 inda zafi ke taruwa. Corolla 1ZZ iyakarta milimita 0.05 ce, Volkswagen na wancan zamani 0.1. Ka tuna takardar rubutu kaurinta kusan 0.1 ne, wato abin da ake magana a kai ba a ganinsa da ido, ba a jinsa da yatsa. Wanda ya shafa tafin hannu ya ce "lafiya lau yake" bai auna komai ba. A gwada fuskar bulok ma haka, musamman in ta alminiyom ce.

Idan ya wuce iyaka, a kai wa masu injin share fuskar tof. Gaya musu su ɗebe mafi ƙarancin abin da zai daidaita shi, kuma ka faɗa musu irin gasket ɗin da za a sa, domin na ƙarfe yana son fuska sumul. Kowane tof yana da iyakar kaurin da ba a sauka ƙasa da shi. Wanda aka riga aka share sau biyu ko uku, matsin silinda zai ƙaru, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana zafi, bawul ya matso kusa da fistin. Irin wannan gara a nemi wani tof ɗin ɗan Kwatano, shi ma a auna shi kafin a biya. Dabarar nan ta ɗora gasket biyu don a cike abin da aka share, kwana kaɗan take yi.

Duba tsaga da fitila mai haske, tsakanin mazaunin bawul biyu da kewayen ramin fulogi. Inda ake da wurin gwada tof da iska cikin ruwan zafi, a kai shi, domin wata tsagar sai ƙarfe ya ɗumama take buɗewa. Tunda tof na ƙasa, jingine shi a gefe ka zuba kalanzir a hanyoyin bawul. Wanda ya tsiyayo ta fuska, a wasa mazauninsa. A canza robobin bawul gaba ɗaya, suna cikin saitin da ka saya, kuma zafin da ya ƙona gasket ya riga ya busar da su.

Abu na ƙarshe kafin haɗawa, wanda yara a gareji suka fi mantawa: ramukan notin tof a jikin bulok. Lokacin ɗaga tof ruwa da mai sun zuba ciki. Noti ya sauka kan ruwa, sifana za ta nuna ya ɗauru alhali bai danne komai ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. A busa kowane rami da iska, a nannaɗa tsumma a tsinke a tsane shi, a gwada noti da hannu ya shiga har ƙasa ba cijewa. Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ an san ta da cinyewar zaren waɗannan ramuka, musamman na baya. Idan noti ya fito da garin alminiyom a zarensa, ko ya ƙi kama ƙarfi wajen ɗauri, sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramin. Ba gasket ɗin da zai zauna a kan notin da ba ya riƙo.

Haɗawa da ɗauri

Fuska biyu a bushe, ba maiƙo. Tabbatar ƙananan turakun da ke saita tof suna mazauninsu a bulok. Ɗora gasket ka bi ramukansa ɗaya-ɗaya, musamman ramin da mai ke hawa zuwa kamshaf, domin wani gasket ɗin yana zama ko an kifa shi, sai dai ya rufe wannan rami. Galibi akwai rubutu a gefen da ke kallon sama, na Volkswagen TOP ko OBEN. Ba a shafa masa gam, ba giris, ba fenti. Gam ɗan ɗigo ne kawai a inda murfin tayimin ya haɗu da bulok, a injinan da aka ce a sa. Mutum biyu su sauke tof a hankali, ya zauna kan turakun sau ɗaya ba ja ba.

Yawancin notinan tof na zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, wannan miƙewar ce ke riƙe matsin. Volkswagen ta ce a sa sababbi duk lokacin da aka kwance. Toyota da Honda sun yarda a auna kaurinsu, wanda ya sirance a jefar. A ganina idan inji ya tafasa har ya ƙona gasket, kuɗin noti 10 bai kai kuɗin sake buɗewa ba. Na Toyota da Honda ana shafa musu ɗan baƙin mai a zare da ƙarƙashin kai, shafawa kawai, ba tsomawa ba.

Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya fita gefuna, ana tsallakawa, kuma hawa-hawa. Corolla 1ZZ ana kai kowane noti Nm 49, wato ƙarfin ɗaurin da sifanar awo ke nunawa, a zagaye biyu ko uku, sannan a ƙara masa juyi na digiri 90, wato kwatan juyi. Golf 3 mai 1.8 bawul takwas Nm 40, sai 60, sai digiri 90 sau biyu. Honda mai injin K24 Nm 39, sai digiri 90 sau biyu, da ƙarin na uku idan notin sabo ne. Ka ga ba a ɗaukar lambar wannan a kai wa wancan, kowane inji a nemo tasa. Don kada a ruɗe wajen digiri, ɗiga farin fenti a gaban kan kowane noti bayan an gama da sifanar awo. Idan an gama zagaye, duk ɗigon su kalli gefe ɗaya, wanda aka tsallake zai tona kansa. Kowane kwata a ja shi a tafi ɗaya, ba fizga-fizga ba.

Mayar da kamshaf da mai a mazauninsa, a ɗaura tayimin bisa alamomi. Bel ɗin da ya sha mai ko ruwa, ko ya tsufa, a canza shi yanzu. Kafin a taɓa makulli, juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. Ya cije a wani wuri, tsaya, tayimin ya goce. Ya zagayo lafiya, duba alamomin sun koma daidai.

Abin da ya jawo zafin

Yanzu a koma kan mai laifin. Lagireton da ya shekara yana shan ruwan rijiya da na burtsatse cikinsa ya yi farin dutse da tsatsa, a kai a buɗe a wanke ko a sauya. Ta waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe tsakaninsa da na na'urar sanyi, a wanke da ruwa daga baya zuwa gaba. Famfon ruwa a duba fukafukansa, ruwan banza na cinye su har su zama ba sa tura komai. Murfin lagireto ƙaramin abu ne da aka raina, amma shi ke riƙe matsin bar 0.9 zuwa 1.1 a yawancin motocin Japan, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa tun a 100, a hawan gada ko cunkoson Ƙofar Ƙaura.

Sai al'adar nan ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta iso daga Kwatano, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat na Toyota yana buɗewa a digiri 82, na Volkswagen wajen 87, kuma da ya buɗe ba ya tare komai. A injina da yawa ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, in babu shi wani kaso na ruwan ba zai je lagireto ba sam. Motar da aka cire wa shi tana shan mai, inji na saurin cinyewa, fankar da ke juyi ba hutu kuma wata rana za ta mutu ba sanarwa. A mayar da tamostat, a gyara abin da ke tada fanka da kanta.

Tashin farko

Zuba sabon mai da filta. Ruwa kuma kulan ne, wanda aka riga aka haɗa ko a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, ba asid ba. Zuba a hankali, buɗe hita har ƙarshe, in akwai notin fitar da iska a sassauta shi har ruwa ya fito ba kumfa. Tada mota murfi a buɗe, ka riƙa matsa tiyo kana ƙarawa. Salansa za ta yi farin hayaƙi na ɗan lokaci, ragowar ruwan da ya taru cikinta ne. Jira tiyon ƙasa ya ɗumama, alamar tamostat ya buɗe, a rufe murfi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu kana kallo.

Idan ruwa ya shiga mai a baya, wannan man na wanki ne, a sake juye shi da filta bayan kilomita 200 zuwa 300. Makon farko duba ruwa da sandar mai kowace safiya kafin a tada mota. Ya ɗan sauka a rana ta farko da ta biyu, iska ce ke fita, a cika. Ya ci gaba da sauka bayan nan, a koma a hura iska a silinda tun kafin a yi doguwar tafiya. Notinan da aka ɗaure da digiri ba a sake taɓa su, amma tsofaffin injina irin na 504 ana sake bin ɗaurinsu da sifanar awo bayan kamar kilomita 1,000, inji a sanyaye, a kuma sake saita tazarar bawul.